Ƙiryar da Aka Bar wa Gara

Mahaifina masassaƙi ne, kuma in za a faɗi gaskiya, shekara da shekaru shi ne babban ɓarawon itacen dajin da ke gabas da ƙauyenmu, a kan hanyar da ke bi ta garin Babban Mutum. Shi bai taɓa kiran abin sata ba. Cewa yake yi ya je gaishe da daji. In ya tafi gaisuwar nan da sassafe, sai ka gan shi ya dawo da gungume a kan amalanke, an lulluɓe shi da karan dawa, bayan kwana kaɗan kuma sai ga sabon turmi a ƙofar gida yana jiran mai saye.

Dajin yana da tarihinsa, kowa kuma da yadda yake ba da shi. Kakata ta ce a zamaninsu duhuwa ce, kura na kuka a ciki, mace ba ta shiga ita kaɗai. Da Turawa suka zo sai suka kewaye shi da tulin duwatsu suka ce gandun daji ne, aka naɗa malamin daji mai gajeren wando da keke, wanda aikinsa shi ne ya kama mai gatari, ya karɓe gatarin, ya mayar masa in an kai masa zabi biyu. Bayan Turawa En'e ta gaje shi, bayan En'e ƙaramar hukuma, kuma duk wanda ya gada sai ya miƙa wa na gaba abin da bai kai wanda ya karɓa ba. Manoma na ci daga gefe, kunyar noma ɗaya kowace damina. Masu gawayi na ci daga tsakiya. Yashi kuma yana tahowa daga arewa, ba ya neman iznin kowa. Lokacin da na yi wayo, kana tsaye a wannan bakin dajin kana hango jakin da ke kiwo a wancan bakin.

Da gwamnati ta rasa yadda za ta yi da shi, sai ta ba wata jami'a. Suka zo da tirela cike da waya da turakun ƙarfe, aka tara mu a ƙofar mai gari. Jagoransu wani farfesa ne dogo, mai malfa da igiya a haɓa, ga takalmin ruwa a ƙafa a tsakiyar bazara. Hausarsa ras, amma abin da ya faɗa da ita ne bai shiga kunnen kowa ba. Ya ce daga ranar ba noma a ciki, ba kiwo, ba sara, ba farauta, ba ƙuna.

Wani tsoho ya ɗaga sandarsa ya ce, "To, ranka ya daɗe, me za a yi a ciki?"

Farfesa ya ce, "Ba komai. Za mu bar shi ne mu ga abin da zai yi da kansa."

Mutanen garinmu sun ga taɓin hankali iri-iri, amma ba su taɓa ganin wanda ya zo da mota ya kewaye ƙasa mai kyau don kawai ya zauna ya kalle ta ba. Farfesa ya yi ƙoƙarin ƙarin bayani. Ya ce itatuwan ƙasar Daura suna ƙarewa, ana so a sami wuri ɗaya da irinsu zai tsira, ɗalibai kuma su ga ƙirya da marke da kanya da idonsu, ba a hoton littafi ba. Ya ce in an bar wuri ɗaya ba a taɓa ba, za a iya gwada shi da gonakinmu a gane abin da hannunmu ya yi wa ƙasa. Aka yi masa kabbara saboda ladabi, aka watse ana dariya a hanya.

Da suka nemi mai gadi, mai gari bai yi dogon tunani ba. Ya ce in suna so a daina sara, su ba wanda ya fi kowa sara makullin ƙofa. Haka Baba ya wayi gari da kaki da usur da hula mai baki. Mun ɗauka wasa ne, ashe mutumin nan amana yake jira a ba shi tun tuni. Ya san kowace hanyar ɓarayi domin shi ya fitar da ita. Ya kama jakin aboki, ya kama akuyar suruki, ya ƙwace lauje a hannun ƙanwar Inna, har ta yi wata biyu ba ta taka gidanmu ba.

Dole kuma in faɗi abin da ba na son faɗa: haukan nasu ya yi aiki. Damina kaɗan aka yi, gamba ta dawo har tana rufe mutum. Sabara da kalgo da geza suka cike tsakanin manyan itatuwa, zomaye da zabin daji suka fara gilmawa, tsuntsayen da muka san sunansu a bakin tsofaffi kawai muka fara jin kukansu. A wannan gefen wayar rairayi fari fat, a wancan gefen kore shar. Waɗanda suka fi kowa dariya su ne suka koma bin wayar da lauje, suna yankar ciyawar da ta yi kuskuren leƙowa waje.

Mu shida ne a wurin Baba, mata biyar, sai ni. Ni aka sa boko, na zama malamin firamare a cikin Daura, ina zuwa gida ranar Juma'a da yamma a kan babur. Matan kuwa, duk wadda za a kai ɗakin miji, da turmin da Baba ya sassaƙa da hannunsa take tafiya, kuma na ƙirya, ba wani itace ba. A kansa ake kifewa a zaunar da ita a yi mata wankan amarya, da shi kuma ake kai ta. Ƙirya tana da nauyi, tana da taurin da ke cinye bakin gatari, amma turminta sai a yi jika da shi. Huɗu sun tafi da nasu tun kafin a zo da waya. Saura autarmu.

Akwai wata tsohuwar ƙirya a tsakiyar dajin, wadda ko a zamanin gaisuwarsa Baba bai taɓa ɗora mata gatari ba. Tun ranar sunan auta ya ce tata ce, a bar ta ta ƙara kauri. Ya bar ta, sai waya ta zo ta kewaye ta, aka kuma ba shi gadinta. Kullum sai ya wuce ta gabanta, ya dafa ta, ya ci gaba da zagaye. Auta ta gama makarantar koyon aikin jinya, ta kawo wanda take so, wani ɗan Mai'adua mai sayar da kayan babur, aka sa biki bayan kaka. Baba kuwa ya rage cin tuwo.

Sai ga hadarin farko na damina. Bayan la'asar ya taso da iska mai ƙarfi, ya kwashe jinkar rumbunmu ya kai ta gonar maƙwabci. Ina gida ranar. Muna cikin tattara kwano sai ga Baba ya shigo jiƙe sharkaf, kakin ya manne masa a jiki, bakinsa har kunne.

Ya ce wa Inna, "Ta faɗi. Allah ya sare mini ita da kansa, daga saiwa."

Inna ta ce, "To me kake jira? Gobe da sassafe ka ɗaura wa shanu amalanke."

A wurinsu zance ya ƙare. Tun zamanin malamin daji mai keke, doka a kan ɗanyen itace take. Matacce na kowa ne, wanda ya riga zuwa shi ke da shi. Ba wanda ya san ta faɗi sai shi, mutanen jami'a kuma sai su yi wata ba su leƙo ba, in sun zo ma ba sa shiga can tsakiya saboda ƙaya.

A nan na buɗe baki. Har yau in na tuna sai in ji kamar in mari kaina.

Na gyara zama na ce, "Baba, yanzu fa zamani ya canja. Kai ma'aikaci ne. A yi abu bisa ƙa'ida. Bari in rubuta musu takarda, su ba ka izni a rubuce, kada gobe wani ya ce mai gadi ya ci amana."

Inna ta harare ni ta ce, "Iznin mushen itace? Kai dai kana son a ji Turanci ne."

Gaskiya ta faɗa. Ina son a ji Turanci. Abin da ya ƙara lalata al'amarin shi ne, Baba ma yana so. Yana so Farfesa ya san cewa tsohon nan mai usur yana da ɗa mai rubuta wasiƙa da Turanci. Ya murza gemu ya ce, "Rubuta, Malam. Ka sa masa manyan kalmomi."

Na sa masa manyan kalmomi. Shafi biyu na cika. Na yabi jami'a, na yabi ilimi, na bayyana tsawon ƙiryar da kaurinta da inda ta kwanta, har da zanen hanya na yi, don kada su sha wahalar nema. Ranar Litinin na kai tasha da kaina na ba direba.

Ba a yi kwana huɗu ba sai ga Farfesa da mota cike da ɗalibai. Ban taɓa ganin jami'a ta amsa takarda da sauri haka ba, kafin nan ko bayan nan. Baba ya aika a kira ni, na bar aji na hau babur ina murmushi, a zatona yabo zan je karɓa. Na kuwa karɓa. Farfesa ya kama hannuna da hannu biyu ya ce ban san irin taimakon da na yi wa bincike ba. Sa'an nan ya zagaya gungumen sau uku, idonsa na ƙyalli kamar wanda aka yi wa albishir da haihuwa.

Ya ce, "Baba, a duk ƙasar nan ba inda babban itace ke faɗuwa a bar shi ya ruɓe a inda ya kwanta. Kafin ya taɓa ƙasa an kai shi murhu. Ba mu san abin da ƙasa ke samu daga gare shi ba, ba mu san ƙwarin da ke rayuwa a cikinsa ba. Wannan shi ne na farko. Za mu bar wa gara, mu riƙa aunawa."

Baba ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ƙirya ce fa. Gara ba ta cin ta."

"Shi muke so mu gani."

"Ai ga shi na gaya maka yanzu."

Farfesa ya yi dariya ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Sai an auna, Baba."

Baba ya ce auta ce za a aurar, kamu uku kawai yake so daga gindi, sauran duk a bar wa gara ta yi walima. Farfesa ba mugu ba ne, na ga fuskarsa ta canja. Ya ce shi kaɗai ba shi da ikon yankewa, tun da maganar ta shiga takarda sai ta je gaban kwamiti, amma zai yi iya ƙoƙarinsa. Kafin su tafi, wata ɗaliba ta fito da guduma ta buga wa gungumen wani ɗan faifan ƙarfe mai lamba, daidai wurin da turmin zai fito.

Muka kama hanyar gida. Na goya Baba a babur, ina jin nauyinsa a bayana fiye da kullum.

Damina ta yi nisa, gero ya yi bununi, kwamiti bai zauna ba. Da ya zauna, sai aka ce wanda ya kamata ya sa hannu ya tafi taro ƙasar waje. Da ya dawo, sai jami'o'i suka tafi yajin aiki. Na rubuta takarda ta biyu, na rubuta ta uku, kalmomin suna ƙara ƙanƙancewa. Ɗalibai dai in an buɗe makaranta suna zuwa, su ɗaura wa gungumen tef na awo, su soka masa ƙusa, su rubuta a littafi. Gara ta zo, ba a ce ba ta zo ba. Ta yaɓe shi da ƙasa, ta cinye ɓawo da ɗan farin da ke bayansa, ta iso ga jan itacen ciki, ta ɗanɗana, ta kwashe 'ya'yanta ta koma kan turakun allon sanarwar jami'a. Allon ne ya fara faɗuwa.

Da na ga an fara yankan gero, sai na sami Baba a bakin ƙofar gandun, yana zaune a kan benci yana jan carbi. Na ce masa, "Baba, makulli na aljihunka. Makaranta a rufe take. Mu zo da zarto mu yanke kamu uku, mu juya gefen da aka yanka ya kalli ciyawa. Wa zai sani?"

Ni ne dai mai maganar ƙa'ida ran nan. Ya dube ni sama da ƙasa.

Ya ce, "Ran nan itacen Allah ne, kowa na iya ɗauka. Yanzu an buga masa lamba, an ce in kula da shi, na ce to. Tafi ka yi sallah."

Na je wurin auta, ko ta rage mini zafi. Na ce mata ai zamanin daka ya wuce, injin niƙa yana ƙofar gidan da za a kai ta. Ta ce haka ne, Yaya. Ta ci gaba da ninke zannuwanta, ba ta ɗago kai ba, can ta ce, "Amma duk yayyena sun tafi da hannun Baba." Na tashi na fita, don ba ni da manyan kalmomin da zan ba ta.

Saura kwana kaɗan biki na tafi kasuwar Mai'adua na sayo turmi, irin waɗanda ake lodowa daga kudu a saman mota, an shafe shi da man ƙyalli har kana ganin fuskarka. Ni kaɗai na ɗaga shi na ɗaure a bayan babur, abin da ƙarti biyu ke yi wa turmin Baba da nishi. Na sauke shi a tsakar gida. Baba ya sunkuya ya ƙwanƙwasa shi da bayan yatsa sau biyu, ya saurara, ya miƙe ya ɗauki buta ya tafi masallaci, alhali ba a kira sallah ba. A kansa aka yi wa auta wanka, da shi aka kai ta. Mata suka yi ta yaba ƙyallinsa. Kafin watan azumi turmin ya tsage daga baki, mijinta ya ɗaure shi da robar tayar babur.

Baba bai taɓa ce mini kai ka ja ba. Inna ce ta ɗauki wannan aikin, kuma ta yi shi da himma, safe da yamma, har a gaban baƙi. Na fi son nata. Shirun Baba ne ya fi ci mini rai. Ya ci gaba da gadi, yana kore awaki daga gungumen, yana share ciyawar da ke kewaye da shi don ɗalibai su ji daɗin tsugunnawa.

Shekaru suka wuce. Auta ta haihu, ta sake haihuwa. Farfesa ya yi ritaya. Hannun Baba na dama ya fara rawa, da farko in ya ɗaga kofin shayi, daga baya ko yana ajiye a cinya. Aka karɓi usur da makulli aka ba wani, ya dawo gida ya zauna a zaure.

Wata ranar Juma'a na iso gida na tarar da ambulan mai tambarin jami'a, Baba ya sa ta ƙarƙashin matashi yana jira in zo in karanta masa. Wata sabuwar shugabar gandun ce ta rubuto. Ta ce an duba awon da aka yi ta yi, an tabbatar cewa gara ba ta cin ƙirya. Saboda haka kwamiti ya amince a ba mai neman kamu ukun da ya roƙa. Ta ƙara da cewa yanzu manufar gandun ta faɗaɗa, ba itatuwa kaɗai ake son tsarewa ba har da sana'o'in da suka dogara da su, don haka suna roƙon ya sassaƙa turmin a can, ɗalibai su kalla, a ɗauki hotonsa.

Na fassara masa kalma bayan kalma. Da na zo wurin gara sai ya yi dariya har da tari. Inna daga cikin gida ta ce a tambaye su ko sun gano cewa ruwa na jiƙa mutum.

Na ɗauka a nan za a bar maganar. Washegari da hantsi sai na ji ƙarar dutsen washi a zaure. Baba ya fito da gatarinsa da gizago, ya danne su da ƙafa yana wasawa da hannun hagu. Ya ce ba sai an jira ɗalibai ba, mu je ya fara dubawa. Na goya shi, kayan aikin a tsakaninmu. Sabon mai gadin ya buɗe mana ƙofa ya rusuna ya gaishe shi.

Dajin ya cika har na ɓata hanya, Baba ne ya riƙa nuna mini da haɓa. Gungumen na nan inda ya kwanta, ba ɓawo, ya yi ja ya yi santsi, faifan ƙarfen ya yi tsatsa. Baba ya durƙusa ya shafa shi tun daga gindi. Ya auna da tafin hannu, ya ciro gawayi daga aljihu ya ja layi, layin ya fito a karkace saboda rawar hannun, ya goge da yawu ya sake ja. Sa'an nan ya miƙe ya ɗaga gatari. Bai kai kafaɗa ba hannun ya saki, gatarin ya zame ya faɗi cikin ciyawa, kaɗan ya rage ya sami ƙafarsa. Ya sake gwadawa. A karo na uku bai ɗauka ba, ya tsaya yana kallon hannunsa.

Ya ce, "Ɗauka, Malam. Bi layin."

Shekarata ta haura arba'in, a gidan masassaƙi aka haife ni, ban taɓa riƙe gatari da niyyar aiki ba. Na tuɓe riga, na ɗaga, na sara da duk ƙarfina. Gatarin ya yi tsalle ya dawo, zafin ya ratsa ni har haƙora, a jikin itacen kuwa ɗan farin tabo ne kawai, shi ma ba a kan layi ba. Na yi ta sara har tafin hannuna ya yi ruwa ya fashe. Abin da na fitar bai cika tafi ɗaya ba. Na tsaya ina haki, kunya ta rufe ni, na kasa kallon inda yake.

Ya zauna a kan gungumen, ya miƙo hannun hagu na ba shi gatarin. Ya duba bakin, inda na dakusar da shi, ya goge da gefen rigarsa ya ajiye a cinya. Zabin daji na kiwo a bayanmu ba su damu da mu ba.

Can ya ce, "Sa rigarka mu tafi. In mun je gida ka rubuta musu, tun da shi ka iya. Ka ce mun gode."